Amfilifayar da Na Saya a Mace: Yadda Aikin Ke Tafiya

9 ga Janairu, 2025

Abin da nake nema amfilifaya ce, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi lasifika, ta ƙarshen shekarun 1970, mai fuskar alminiyam da manyan abubuwan murɗawa, wadda mai ita ya rubuta ƙarara cewa ba ta aiki. Mai lafiya ta fi ƙarfin abin da na ware wa aikin. Ko da ma akwai kuɗin, na'urar da ta haura shekara arba'in in aka ce maka lafiyarta lau, ana nufin dai ranar tsayawarta ba ta zo ba tukuna, kuma gwamma na biya kuɗin matacciya na san da gyara a gabana.

Sayen irin wannan kaya ta intanet cinikin biri a sama ne. Hotuna kaɗan da layi biyu na bayani, shi ke nan abin da za ka yanke hukunci a kai. Don haka na fi ba layi biyun nan lokaci fiye da hotunan. Wanda ya rubuta "ban gwada ba" sai na leƙa sauran kayan da yake sayarwa. In kujeru ne da littattafai da tukwane, wataƙila gaskiya ya faɗa, kayan gado yake rabuwa da su. In kuwa shafinsa cike yake da amfilifayoyi da lasifikoki, duk ya gwada su sai wannan ɗaya, to ya gwada, sakamakon ne bai yi masa daɗi ba. "Fiyus ne kawai" shi ma ba na sayensa, domin fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi, wani abu ne a bayansa ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "an ɗan taɓa ta, ƙarasawa kawai take so".

Guda uku na ware. Ta farko Sony TA-4650 ce, ta tsakiyar shekarun 1970, kyakkyawa ƙwarai. Taransistocin ƙarfinta wasu na musamman ne da ake kira VFET, masu lamba 2SK60 da 2SJ18, an daɗe da daina ƙera su. Masu gyara sun san cewa akwai wasu ƙananan dayod a cikinta da in suka gaji suka saki, sai su tafi da VFET ɗin nan take. Mai ita kuwa har hoto ya ɗauka tana jone da wuta don ya nuna fitilarta na kamawa. Na wuce.

Ta biyu Pioneer SX-780, ta 1978, mai wat 45 kowane ɓangare. Ita kuma ƙarfinta yana cikin wasu baƙaƙen dunƙulallun kaya guda biyu, STK-0050 na kamfanin Sanyo, waɗanda a rufe suke ruf. In ɗaya ya ƙone, sai dai a canza shi dungurungum, kuma yawancin abin da ake tallatawa da wannan lamba yanzu ba na asali ba ne. Akwai masu sha'awa da suka ƙirƙiri ƙananan fanel da ke maye gurbinsa, hanyar tana ɓullewa, amma aiki ne a kan aiki.

Ta uku ba ta cikin sunayen da ake rububi. Ƙirar Japan ce, wat 40 kowane ɓangare, taransistocinta ɗai-ɗai suke a ɗaure jikin ƙarfen shan zafi, kowanne ana iya cire shi a auna. Bayanin mai ita: fitila na kamawa, sauti babu. Hankalina ya fi kwanciya da ita.

12 ga Janairu

Abu uku na roƙi mai sayarwa: hoton bayanta inda aka rubuta ƙarfin wutar da take sha, hoton sukurorin murfi daga kusa, da hoton cikinta ta ramukan shan iska ba tare da ya buɗe ba. Na kuma tambaye shi ko yana jin wani "ƙas" bayan daƙiƙu kaɗan da kunnawa. Ya ce babu.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce ga mai saye daga nesa. Kayan da aka yi wa kasuwar cikin Japan bolt 100 suke sha, na Amurka 120, na Turai 220 zuwa 240. Wasu suna da makunnin zaɓe a baya, wasu babu, kuma wadda aka yi wa 100 in aka ba ta 230 taransfomarta ce za ta fara tafiya. Wannan tana da makunnin zaɓen. Kawunan sukurorin ba su cinye ba, kuma ƙura ta kwanta lif a ciki, babu sawun yatsa. Ƙurar nan ita ta sa na saya. Na'urar da babu wanda ya shiga cikinta cutarta ɗaya ce, ta tsufa. Wadda wani ya shiga ya kasa, sai ka gyara ta tsufan, ka kuma bi sawun abin da ya musanya, da abin da ya juya baibai, da layin tagullar da ya ɗaye da zafin ƙarfensa.

Rashin "ƙas" ɗin shi ma labari ne. Rile, wani makunni da wuta ke motsawa da kanta, ita ce ke yin wannan ƙara idan ta haɗa amfilifaya da lasifika, kuma da'irar kariya ba ta barinta ta haɗa in ta hango wutar DC, wato tsayayyiyar wuta irin ta batir, a mafitar sauti. Ke nan taransfoma na da rai tunda fitila na kamawa, kariya kuma wataƙila aikinta take yi. Na sami littafin gyaranta da zanen da'irar kafin na biya. Ba na sayen abin da ban ga zanensa ba. Farashin da na tsaya a kai shi ne wanda in ta ƙi tashi ba zan yi kuka ba, tunda taransfoma da fuska da abubuwan murɗawa suna da masu nema.

24 ga Janairu

Ta iso. Kusurwar kwalin ɗaya ta lotsa, amma an naɗe ta da soso mai kauri kuma an sa fuskar tana kallon ciki. Abin da ya fi kashe irin waɗannan a hanya nauyin taransfomarsu ne, in kwali ya faɗi sai ta fizgi ƙarfen ƙasa ta lanƙwasa shi, ko ta tsaga fanel ɗin da ke kusa. Babu ko ɗaya.

Ban jona ta ba. Na buɗe murfi, na fara da hanci: warin tsohuwar ƙura, babu ƙauri. Fiyus duka lafiya, kuma lambobinsu sun yi daidai da na littafi, wato babu wanda ya sa babba don ya rufe matsala. Manyan kafasitocin tace wuta guda biyu ba su kumbura ba, ba su zubar da komai ba. Abin da ban so gani ba shi ne wani gam da aka shafa a gindin wasu kafasitoci don riƙe su. Asalinsa ruwan ɗorawa ne, amma inda zafi ya daɗe yana dukansa ya koma baƙi-baƙi, ya bushe ƙamas. An san gam ɗin nan, an fi ambatonsa a Sansui AU-717 amma yana cikin kayan kamfanoni da yawa na wancan zamani. Idan ya yi baƙi yakan fara wuce da wuta, yana kuma cin ƙafar duk abin da ya taɓa. A ɓangaren hagu ya malala ya rufe ƙafar rasista biyu da wani ƙaramin dayod, ƙafafun sun yi kore.

Da yamma na kunna ta ta cikin ƙwan fitila. Ga wanda bai sani ba, ƙwai ne irin na da mai zare a ciki, wat 60 zuwa 100, a jera shi a kan layin wutar da ke shiga na'urar. In akwai gajeren haɗi a ciki, ƙwan zai haska sosai ya tsaya a haka, ya shanye wutar maimakon taransistoci su sha. In babu, zai yi walƙiya ɗaya lokacin da manyan kafasitoci ke cika, sannan ya dushe. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aiki. Nawa ya haska ya dushe. Rile shiru.

26 ga Janairu

Ranar awo. Layukan wutar ciki, fozitib da negatib, duk suna wajen bolt 42, sun daidaita da juna. Mafitar dama kafin rile: milibolt 30, ba laifi. Mafitar hagu: bolt 17 na DC. Ga dalilin shirun. Da rile ta haɗa wannan da lasifika, zai tura takardarta gefe guda ya riƙe, koyil ɗin ciki ya yi ta zafi har ya ƙone. Da'irar kariyar da ta shekara arba'in da wani abu ta cancanci jinjina.

Na kashe, na sauke cajin manyan kafasitocin ta cikin rasista, domin sukan riƙe wuta bayan an cire filogi, kuma haɗa ƙafafunsu da bakin sukuddireba wauta ce mai tartsatsi. Na cire taransistocin ƙarfi na hagu na auna su ɗaya bayan ɗaya. Lafiya. Ƙananan rasistocin da ke ƙafarsu, masu om 0.47, su ma lafiya. Wannan ne babban abin da nake fargaba, ya wuce.

Sai na kankare gam ɗin da tsinken katako da ɗan sinadarin goge fanel. Dayod ɗin ina taɓa shi ƙafarsa ta gutsure, ashe tsatsa ce kawai ke riƙe da ita. Ɗaya rasistar, wadda littafi ya ce om 150 ce, mita ta nuna ta haura dubu biyu. Irin rasistocin nan ne da aka yi su su zama kamar fiyus, kuma da tsufa ƙimarsu kan yi ta hawa ko da babu abin da ya same su. Na auna takwarorinta na dama, su ma sun fara hawa, ba su dai kai nan ba. Dayod ɗin yana cikin sashen da ke daidaita wutar taransistoci biyu na mashigar sauti, waɗanda aikinsu shi ne riƙe mafita a sifili. Lissafin ya hau.

29 ga Janairu

Na yi odar kaya, kuma a nan sai da na yi gardama da kaina.

Akwai masu ra'ayin cewa da zarar tsohuwar amfilifaya ta hau tebur, a cire duk kafasitocin ruwa a zuba sababbi kafin a yi komai. Hujjarsu tana da ƙarfi: ruwan cikinsu yana bushewa da shekaru, musamman na kusa da zafi. Amma yin haka kafin a gano ainihin cutar shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Ka canza abu hamsin, ka kunna, ta ƙi tashi, yanzu ba ka san ko tsohuwar matsalar ce ko sabuwar da ka saka da hannunka ba. Tsarina shi ne a gyara abin da ya hana ta aiki, a ji muryarta, sannan a bi sauran sashe-sashe, ana kunnawa bayan kowane sashe.

Kayan da na nema duk masu arha ne: dayod, rasistoci masu jure wuta, ƙananan kafasitoci masu jure zafin digiri 105 maimakon 85 na asali, sabuwar rile, da taransistoci KSA992 da KSC1845 waɗanda suka zama madadin da kowa ke komawa gare su a ƙananan da'irorin sauti. Daga dillali na ainihi na saya, duk da kuɗin aike ya kusa kamo kuɗin kayan. Jabu ya yi yawa a kasuwar intanet. Manyan taransistoci irin 2SC5200 da 2SA1943 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Daga waje babu bambanci, mita ma za ta ce lafiya, amma in aka fasa sai a ga ƙwayar ciki 'yar mitsitsiya. Yana aiki a ƙaramin sauti, ranar da aka ɗaga murya ya tafi, ya ja na kusa da shi.

7 ga Fabrairu

Kaya ba su iso ba, hannu kuma ba ya son zama. Na yi ta kallon wata na'urar kaset da wata ta faifan CD, duk matattu. Ta kaset an ce mota na juyawa amma kaset ba ya tafiya, wanda kusan kullum bel ɗin roba ne ya narke ya zama baƙin danƙo. Wankewa ce da haƙuri, bel kuma ana samu. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ko kan da ke karanta zaren ya cinye, ko wani haƙorin giyar roba ya tsage. Ta CD ba ta karanta faifai. Yana iya zama datti a kan gilashin idon, yana iya zama idon lesar ne ya raunana, kuma nata ba irin Sony KSS-213 ba ne da ake samu ko'ina. Na bar su duka biyun. Tebur ɗaya, mara lafiya ɗaya.

15 ga Fabrairu

Na sa dayod da rasistoci a hagu, na canza takwarorinsu na dama tunda hanya ɗaya suka ɗauka. Na sake narka dalma a ƙafafun taransistocin da ke daidaita wuta, inda zafi ya sa ta tsage zobe-zobe, abin da sai da madubin ƙara girma ake gani. Na kunna ta cikin ƙwan fitila. Ya haska, ya dushe, bayan daƙiƙu kaɗan sai "ƙas".

Mafitar hagu ta sauko milibolt 60. Na cire ƙwan, na ba ta wuta kai tsaye, na bar ta ta ɗumama kafin na taɓa komai, domin awon da aka yi da ƙwai a layi ba abin dogaro ba ne. Na daidaita DC na ɓangarorin biyu zuwa ƙasa da milibolt 10, sannan na saita wutar zaman banza ta taransistocin ƙarfi, wato wadda suke sha ko babu sauti, daidai da abin da littafi ya ce. Ƙananan abubuwan saitin na asali na canza su tukuna. In ɗayansu ya yanke ana cikin murɗawa, a wasu da'irori wutar kan yi tsalle ta ƙone taransistocin ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kuma bai kamata a yi cacar manya a kan ƙaramin abu mai arha ba.

Da wasu tsofaffin lasifikoki da ba na jin asararsu na fara ji. Sauti ya fito ta ɓangarorin biyu. Murɗin ƙara murya yana ƙaraf-ƙaraf, na fesa masa maganin wanke mahaɗa na yi ta juya shi har ya yi shiru. A kan rasistar gwaji mai om 8 ta ba da kusan bolt 18 kafin sautin ya fara yankewa, wato wat 40 ɗin da aka yi alkawari suna nan.

22 ga Fabrairu

Tsugune ba ta ƙare ba. Bayan ta ɗumama, ɓangaren dama ya fara wani shuu da fat-fat jefi-jefi, kuma rage murya ba ya rage shi, alamar daga bayan murɗin yake fitowa. Na bi ƙananan taransistoci da feshin sanyi ɗaya bayan ɗaya. Ina fesa wa wani 2SA726 sai ƙarar ta ɗauke, ta dawo da ya sake ɗumama. Ƙafafunsa sun yi baƙi. Shi da 2SC458 da 2SC1313 suna cikin jerin da masu gyaran tsofaffin kaya suka haddace saboda wannan hali. Na canza su bibbiyu, bayan na zaɓi waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa da juna, na kuma duba jerin ƙafafu sau biyu tunda fuskar tsoho da ta sabo ba lallai su kalli gefe ɗaya ba. Shiru ya samu.

Sai babbar matsalar ta fito daga inda ban sa ido ba. Makunnin zaɓen mashiga, wanda ake murɗawa tsakanin garmaho da rediyo da kaset, yana yanke hagu in an taɓa shi. Na ɗauka datti ne, na wanke, bai daina ba. Da na haska fitila na duba da kyau, faifan da ke riƙe da harsunan mahaɗar ya tsage daga tsakiya. Ko tsufa ne, ko bugun da kwali ya sha a kusurwa ya biyo ta sandar murɗin, oho. Duk lissafin da na yi kafin saye a kan taransistoci ne da abin da aka daina ƙerawa, ga shi abin da babu shi a kasuwa ya zama guntun roba da tagulla da aka yi wa wannan ƙirar ita kaɗai, ƙafafunsa a dalmace cikin fanel. Taransista tana da madadi. Makunni mai wannan tsawo da wannan jerin ƙafafu ba shi da shi.

2 ga Maris

Hanya uku ke gabana. A nemo wata matacciya irinta a ciro makunnin, amma kuɗin aikenta kaɗai ya isa ya sa aikin ya zarce darajar amfilifayar, kuma nata ma shekarunsu ɗaya. A liƙe tsagar da gam mai ƙarfi, wanda ke buƙatar cire makunnin gaba ɗaya, ƙafa sama da ashirin a kan tsohon fanel da tagullarsa ke ɗayewa in zafi ya yi yawa. Ko a bar shi a wurinsa ya riƙa ba ƙananan rile umarni, su su ɗauki sautin. Ta ukun ta fi tsafta ga kunne, amma ta fi nisa da yadda aka ƙera ta, kuma duk wanda ya buɗe ta bayana zai tarar da abin da babu shi a littafi. In na bi ta nan, zan zana abin da na yi na manna a cikin murfi.

Na fi karkata ga liƙewa, da sharaɗin na samu famfon zuƙe dalma mai zafi, ba na hannu ba. Kafin nan na haɗa mashiga ɗaya kai tsaye da gajeriyar waya, ta tsallake makunnin, don na ci gaba da sauraro ina lura da zafinta.

Na auna manyan kafasitocin tace wuta a wajen da'ira. An rubuta maikurofarad 10,000 a jikinsu, ɗaya ya ba da kusan haka, ɗayan ya sauka wajen 7,800. Za su tafi tare. Sababbi masu wannan ƙima sun fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, zoben ƙarfen da ke riƙe da su ba zai kama ba, don haka zan nemi masu jure bolt 63 ko 80 maimakon 50 na asali, faɗinsu ya fi kusa. Ba zan ƙara ƙimar sosai ba, kada dayod ɗin gyara wuta su sha wahala lokacin kunnawa. Sashen garmaho yana da ɗan gurnani da ban bi ba tukuna, sai an gama da makunnin, tunda ta cikinsa sautin ke bi. Lasifikokina na kirki suna gefe har sai ta yi mako guda tana aiki awon DC bai motsa ba.